Wayar da Aka Ce Ta Sha Ruwa

Daga Bungudu

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka Sakkwato lafiya, kin sami ɗaki, kin sami abokan zama masu tsoron Allah. Allah Ya tsare hanyar da kika bi, Ya tsare wadda za ki biyo in za ki dawo mana. Ya sa karatun ungozoman nan ya zama alheri gare ki da matan da za su faɗo hannunki.

Na sa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin kwanon yaji, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin zauna kin huta. Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika bar shi. Magana ce da na so in yi miki a baki, amma kin san tsakar gidanmu, ba a fara zance a gama shi. Kuma ke ma in na daɗe ina magana sai ki ce "To, Inna" idonki yana wani wuri.

Labarin wayata ne. Kin ji shi a bakin kawunki Bello da kika dawo hutu daga makarantar kwana, amma a bakinsa shi ne gwarzon, kuma inda ya tsaya ba nan labarin ya ƙare ba. Ina so ki ji shi daga gare ni, da inda na yi kuskure da inda na yi daidai, don abin da ya same ni a shagon nan zai same ki a wani wuri, ko da babu waya a ciki.

Kin tuna tsohuwar wayar, wadda na saya sabuwa fil da ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ce shagona. Matan Gusau masu abincin sayarwa da matan ma'aikata ta nan suke aiko mini da saƙon murya, wannan kwalba biyu, waccan jarka, wata kuma man shanu take so na matan rugar bayan Furfuri, don ta san can ne garinmu kuma ba a yi mini haɗi. Ni kuma in haɗa in ba direba. Sunan kowa da lambarsa da abin da ya saba karɓa duk suna cikinta. To sai ta fara gajiya. Batir ba ya riƙe caji, cikinta kuma ya cika, ba ta karɓar sabon saƙo sai na goge wani. Ga Babbar Sallah ta matso, lokacin da kowace mace take neman man suya. Sai na yanke shawarar in kai ta kasuwar 'yan waya a Gusau a yi mini musaya, in ba da ita, in yi ciko, in ɗauki wadda ta fi ta.

Shagon da na shiga ban zaɓe shi da wani dalili ba. Mai shi ne ya fara kirana. Matashi ne, sunansa Mustafa, mai fara'a, bakinsa da daɗi. Ya ce Hajiya ki shigo daga rana, ya goge mini benci da hannunsa. Na gaya masa batir ya gaji, ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya, ya danna ko'ina, ya kira lambarsa da ita, ya ɗauki hoton bango, ya kanga ta a haske ya duba gilashin. Sannan ya faɗi kuɗin da zai yi mata, ya fito da wadda nake so, ya ce ga cikon da zan yi. Cikon bai kai abin da na ƙulla a haɓar zanena ba.

Nan na fara kuskure. Murna ta kama ni, na kasa riƙe ta. Na ce masa wallahi ya taimake ni, don duk cinikina a cikin wayar nan yake, kuma in na yini babu ita a wannan lokaci na Sallah na shiga uku. Shi bai tambaye ni ba, ni ce na zazzage masa. Sai ya ce kwashe kayan cikinta zuwa sabuwar zai ɗauki lokaci, ga shi babu wuta, in bar masa duka biyun in dawo gobe in tarar an gama. Na cire layina, na ba shi lambar buɗe wayar, na yi masa godiya har da addu'a, na kama hanyar Bungudu. Babu wanda ya ji abin da muka yi sai ni da shi.

Balkisu, ba na cewa ki riƙa yi wa mutane mugun zato. Amma wanda kike ciniki da shi ba ya bukatar sanin iyakar matsuwarki. Yin shiru a kan wannan ba ƙarya ba ne. Kuma duk abin da kuka shirya da wani, in akwai kuɗi ko kaya a ciki, ki sa kunne na uku ya ji. Ki ce wa na kusa, "Malam, ka ji yadda muka yi." Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. In kin ga ransa ya ɓaci, to ki karɓi abinki tun a nan. Kada ki bar abin hannunki a wurin wani alhali ba ki riƙe komai nasa ba.

Washegari na koma da cikona. Daga yadda ya amsa sallamata na san wani abu ya canza. Jiya Hajiya ce ni, yau kuma cewa ya yi, "Baiwar Allah, an fa sami matsala." Ya ce da suka bincika sun ga gilashin ba na asali ba ne, an taɓa canza shi. Ya ce kuma wayar ta sha ruwa, cikinta ya fara tsatsa, tana iya mutuwa kowane lokaci. Saboda haka ba zai iya biyan kuɗin jiya ba. Abin da ya faɗa ya kusa rabi. Cikon da zan yi yanzu ya wuce abin da ke hannuna nesa ba kusa ba.

Na ce to ya ba ni wayata in tafi. Ya ce ai an riga an goge ta fes, komai nawa yana cikin sabuwar. In ina so a mayar, sai na biya kuɗin aiki, kuma ba zai yi alkawarin komai zai dawo ba tunda wayar ba ta da lafiya.

Shagon cike yake da samari, wasu suna caji, wasu hira kawai ta zaunar da su. Duk suka juyo suna kallona. Ni da nake ciniki tun kafin a haifi Mustafa, sai kunya ta kama ni. Na ji kamar in na ƙara magana za a ce tsohuwar ƙauye ta zo tana musu a kan abin da ba ta sani ba. Ban ce ya nuna mini tsatsar ba. Ban ma ce ya fito da wayar in gan ta ba. "To" kawai na ce, na fita, na tsaya kusa da wani mai rake ina gyara mayafin da bai karkace ba.

Da kunya na rene ki, kuma ban yi nadama ba. Amma kunya tana da wurinta. Tana gaban manya, tana a sutura, tana a irin kalmar da ke fita daga bakinki. Ba ta cikin tambaya. Idan wani ya ce abinki ya lalace, ko aikinki bai yi ba, ko makinki ya ragu, ko kuɗin da kika biya bai shiga ba, kalma biyu sun ishe ki: "Nuna mini." Ki faɗe su da ladabi, ki tsaya ki jira amsa. Mutanen da kike jin nauyin idonsu, kafin la'asar sun manta da ke, ke ce za ki koma gida da asarar.

Akwai abin da ya ƙara kashe mini jiki a ranar. Maganar gilashi gaskiya ce. Wayar ta taɓa faɗowa a bakin turmi ta tsage, na kai aka sa mata wani a nan Bungudu. Bai tambaye ni ba, ni kuma ban ɗauka abin faɗa ba ne, tunda gilashin yana aiki kuma ya duba shi da idonsa. Amma da ya ambata sai na ji kamar an kama ni da wani abu. Na ce a raina tunda ya yi gaskiya a wannan, wataƙila ruwan ma gaskiya ne. Na shiga tunanin ko wani yaro ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, ko tururin tukunya ne ya shige ta. Na zauna ina nema masa hujja a kaina.

Haka ake yi wa mutum. A haɗa gaskiya ɗaya da wata magana a miƙo masa tare, shi kuma ya haɗiye duka. Ki koyi raba su, yadda kike tsince tsakuwa daga wake. Ki ce wannan na yarda, wannan kuma ban yarda ba sai na gani. Kuma in za ki sayar da abu, ko za ki miƙa wani aiki, ki riga kowa faɗin aibinsa. Abin da kika faɗa da bakinki ba wanda zai zo daga baya ya tsorata ki da shi.

Daga wurin mai raken tasha na nufa, wurin kawunki Bello. Na same shi da motarsa ta haya yana jiran layinsa na Tsafe ya zo. Ban gama ba shi labari ba ya miƙe, ya bar mota da yaran tasha, ya ce in wuce mu je. A hanya na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce yau Mustafa zai san ina da 'yan'uwa.

Kawunki bai yi sallama ba. Ya doki akwatin gilashin da ake jera wayoyi da tafin hannu, ya ce a fito da wayar yayarsa. Mustafa ya fara bayani, kawunki ya katse shi ya kira shi ɓarawo. A kasuwar 'yan waya wannan kalma ba ƙarama ba ce, don kowa a wurin yana tsoron a ce wayar sata ta bi ta hannunsa. Kafin ka ce me, maƙwabtan shago sun taru, kuma ba wanda yake maganar wayata. Magana ta koma an zagi ɗan kasuwa a shagonsa. Wasu suka riƙe Bello, wasu suka ce a kira hukuma. Ni da aka zalunta ni ce na koma ina ba da haƙuri, ina jan hannun rigar ƙanena. Mustafa kuwa ya harɗe hannu ya ce kowa ya shaida, shi maganarsa ɗaya ce, ko in yi sabon ciko ko in ɗauki wayata yadda take.

Nan ne labarin kawunki yake tsayawa, sai dai shi yana ƙarawa da cewa yaron ya tsorata.

Bello yana ƙaunata, kuma ranar ya yi asarar lodinsa saboda ni. Amma ƙauna kaɗai ba ta isa ta sa ki ɗauki mutum zuwa wurin rigimarki ba. In abu ya same ki a can, za ki sami ƙawayen da za su ce mu je mu ci mutuncinsa. Ki gode musu, ki bar su a ɗaki. Wanda za ki tafi da shi ya zama mai iya sauraro har a gama magana. In babu irinsa, ki tafi ke kaɗai. Ranar da kika bari aka yi zagi a madadinki, an daina maganar haƙƙinki, an koma maganar zagin.

Na dawo gida babu tsohuwa babu sabuwa. Na ƙi ɗaukar tsohuwar ne da gangan, don na san ina ɗauka magana ta mutu. Na sa layina a ƙaramar wayar babanki. Kira yana shigowa ban san mai kira ba, in ce wa ke magana, mace ta ce au, yau ni ce ba ki sani ba? Saƙonnin murya kuwa duk ba sa zuwa. Ga mai na tace, ga man shanu an kawo daga ruga, ban san na wa da na wa ba.

Babanki ya ce in bar shi da Allah, in ya sayar da waken da ya nomo a Kekun Waje zai cika mini. Na gode masa. Na ce na bar shi da Allah, amma ina neman izini in koma sau ɗaya, don in na biya wannan ciko da kuɗin wakensa ba zan taɓa jin daɗin riƙe wayar ba. Ya dube ni ya ce, "Ki je. Amma ban da Bello."

Wannan karon ban nufi shagon Mustafa kai tsaye ba. Na fara zagaya kasuwar ta ɗaya gefen, inda ba a ga rigimarmu ba. Na riƙa tambayar kuɗin irin wayata ta hannu, kamar mai son saye. Kowa ya faɗa sai in ga kuɗin da Mustafa ya yi mata ranar farko ba alfarma ba ce, daidai ne, da ribarsa a ciki. Na tsaya wurin wani mai gyara na tambaye shi yadda ake gane waya ta sha ruwa. Ya ce akwai wata 'yar alama fara a cikinta, in ruwa ya taɓa ta sai ta koma ja, kuma ana buɗewa za a gani. Na tambayi wanda ake kai wa ƙara in an sami saɓani a kasuwar, aka ce Alhaji Garba, shugaban 'yan waya, aka nuna mini shagonsa. Abin da ya kamata in yi tun kafin in zauna a bencin kowa, sai yanzu na yi shi.

Sannan na je na yi wa Mustafa sallama, na tambaye shi gajiya, na zauna a bencin nan. Ya ce na kawo cikon ne? Na ce a'a, na zo ne a buɗe wayar a gabana in ga ruwan. Ya ce mai gyaransu ba ya nan. Na ce zan jira. Ya ci gaba da harkarsa kamar ba ni a wurin, ni kuma na ajiye kwandona a gefe na gyara zama. Ban ɗaga murya ba, ban ɓata fuska ba. Duk wanda ya shigo muka gaisa.

Ina zaune idona ya faɗa cikin akwatin gilashi. Ga wayata a jere da na sayarwa. An sa mata sabuwar riga, an goge ta tana ƙyalli, amma na gane ta da wani ɗan ƙwarzane kusa da wurin caji. Wayar da aka ce tana iya mutuwa kowane lokaci. Saura kaɗan in faɗi kalmar da kawunki ya faɗa. Na haɗiye ta. Na ci gaba da zama.

Can wajen hantsi wani mutum ya shigo, mai matsakaicin shekaru, ya ce daga Kucheri yake, waya yake nema wa maiɗakinsa, ta hannu amma mai lafiya. Ya duba wannan, ya duba waccan, sai Allah Ya kai yatsansa kan tawa. Ya ce, "Wannan fa, lafiyarta lau?"

Mustafa ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna ina nan. Ya dube ni, ya dubi mutumin.

Na ce, "Mustafa, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. In ta sha ruwa, bai halatta ka sayar masa ba ka gaya masa ba. In kuma ba ta sha ba, to ni ka gaya mini."

Mutumin Kucheri ya janye hannunsa, ya tambayi abin da ke faruwa. Na ba shi labari a taƙaice, har da gilashin da na canza, ban ƙara ba ban rage ba. Ya nemi gefen benci ya zauna, ya ce shi kam yana so ya ga ƙarshen wannan magana kafin ya sayi komai a nan.

Mustafa ya matso kusa da ni ya rage murya. Na koma Hajiya. Ya ce kada a tara mutane, zai rage mini wani abu daga cikon, mu rufe maganar. Da ranar da na tsaya wurin mai rake ce, da na karɓa da godiya. Na ce masa ba ragi na zo nema ba. Abu biyu ne, ko maganarmu ta farko, ko mu je gaban Alhaji Garba a buɗe ta, in an ga ruwa ni da kaina zan ba shi haƙuri a gaban kowa in biya abin da ya ce.

Ki lura da wannan, Balkisu. Kafin ki je neman haƙƙinki, ki san abin da kike nema, ki iya faɗinsa a numfashi ɗaya. In ba ki sani ba, za a miƙo miki ɗan wani abu don ki yi shiru, ki karɓa, sai kin isa gida ki gane an sake cin ki. Kuma ki shirya karɓar hukunci in ya juya kanki. Ni ranar ban da tabbacin abin da za a gani a cikin wayar. Na dai san ban taɓa jefa ta a ruwa ba, kuma na gaji da tsoron abin da ban gani ba.

Muka tafi mu uku, don mutumin Kucheri ya ce zai biyo mu. Alhaji Garba dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya riga ya ji labarin zuwan kawunki, kuma da shi ya fara. Na ce kalmar da ƙanena ya faɗa ba daidai ba ce, na ba da haƙuri a kanta ranar, ina kuma sake bayarwa yanzu, amma ba ita ta kawo ni ba. Ya gyaɗa kai, ya saurari Mustafa, ya saurare ni. Abin da ya ba ni mamaki, Mustafa bai musa kuɗin da ya faɗa ranar farko ba. Da ya musa, da ba ni da shaida ko ɗaya. Wannan kam Allah ne Ya rufa mini asiri, ba dabarata ba.

Alhaji ya sa aka kira wani mai gyara da ba ruwansa da mu. Ya buɗe wayar a kan tebur, ya juyo ta ya nuna mana. Alamar nan fara tas take. Babu tsatsa, sai 'yar ƙura. Ya ce batir ya gaji, wannan kuwa tun farko na faɗa, gilashi kuma lalle canji ne, amma mai kyau aka sa.

Alhaji ya tambayi Mustafa ko bai duba gilashin ba ranar da ya yi mata kuɗi. Ya ce ya duba, amma bai lura sosai ba. Alhaji ya ce lura ai ita ce sana'ar, kuma wanda ya yi wa kaya kuɗi, ya karɓa, ya goge, har ya jera a kasuwa, ya riga ya saya. Maganar farko ita ce magana. Ya ƙara masa da wasu kalmomi a kan ruwan da babu, waɗanda ba sai na rubuta miki ba. Mustafa kansa yana ƙasa.

Sai na ce ina da magana. Na ce Alhaji ya kimanta bambancin gilashin asali da wanda na sa, a ɗora a kan cikona, don gaskiya ne an canza, kuma ban faɗa ba. Alhaji ya ce ba dole ba ne. Na ce na sani. Ya faɗi wani ɗan abu kaɗan, na ƙara a kai na biya. Ba don in burge kowa na yi ba. So nake in koma gida da abin da yake nawa cif, babu ƙwayar wani a ciki, yadda in na tuna ranar ba zan sami inda zuciyata za ta yi mini ƙaiƙayi ba.

Ban tashi daga wurin ba sai da aka kawo sabuwar wayar, na sa layina, na bi sunayen mutanena ɗaya bayan ɗaya na ga suna nan. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo. Mutumin Kucheri kuma ya sayi tsohuwar a gaban Alhaji, ya ce bai taɓa sayen wayar da ya ga cikinta da idonsa ba sai yau.

Ban fita babu asara ba. Wata mai abinci da ta daɗe tana karɓar mai a wurina ta ɗauka share ta na yi, ta koma wurin wata, har yau ba ta dawo ba. Sauran na kai musu kayansu kafin Sallah. Mustafa yana nan a shagonsa. In na bi ta wurin muna gaisawa, ba na riƙe da shi a zuciya, amma ko caja ban sake saya a hannunsa ba. Yafiya daban, sake miƙa wuya daban, kuma ba wanda zai tilasta miki haɗa su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru da muka fito daga wurin Alhaji. Mustafa ya biyo ni da kwalin wayar da na manta. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Ban san haka kike ba."

Na ce, "Na yafe. Ni ma ban sani ba sai yau."

Gaskiya na faɗa masa. Na haifi 'ya'ya, na aurar, na yi furfura, ban san zan iya zama a gaban maza a cikin kasuwa in ce ban yarda ba, murya a kwance, har a saurare ni. Ba na so ke ki kai shekaruna kafin ki san wannan game da kanki. Inda za ki akwai malamai, akwai manyan ma'aikata, akwai waɗanda za su ga ƙaramar yarinya daga Bungudu su ɗauka duk abin da aka ce mata "To" za ta ce. Ki girmama su. Amma ranar da kika ga an rage miki abin da yake naki, ko kika ga ana shirin rage wa wata mai naƙuda abin da yake nata don ba ta da bakin magana, ki gyara mayafinki, ki yi sallama, ki nemi wuri ki zauna. Kada ki tashi sai an nuna miki.

Babanki yana sa miki albarka. Allah Ya tsare ki a ɗaki da aji da kan hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da azzalumi daga gabanki, Ya kuma hana ki zaluntar kowa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ki jin yunwa. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, da ilimi mai amfani da mutuncinki cikakke.

Wassalam.

Innarki